Sifikun da Na Kafa a Bayan Inna

Shekarun baya, lokacin ina da rumfar walda a Kawo, cikin Kaduna, bayan tasha, wani abu ya faru a gidana da ban taɓa zama na ba da labarinsa ba. Ba ni da yawan magana. Wanda ya san ni ya san haka. Amma yau zan faɗa.

Ban yi boko ba. Allo ma ban yi nisa ba. Tun ina saurayi na baro ƙauyenmu a ƙasar Zamfara. Na yi dako, na yi yaron mota, na kwana a ƙarƙashin tirela damina da rani. Mota ta taɓa kifewa da mu, waɗanda suka fita da ƙafarsu ba su da yawa, ina cikinsu. Daga baya na koyi walda, na yi aure, na samu ɗan fili a Katabu na gina ɗaki biyu da falo. Ina ganin ba abin da duniya za ta ƙara nuna mini.

Mahaifiyata ta dawo hannuna ne bayan ɓarayin daji sun shiga garinmu. Mahaifina yana cikin waɗanda aka kashe. Ina Kaduna aka bugo mini waya. Da hanya ta samu na tafi, muka rufe mutanenmu, sannan na bi sawun mata da yara zuwa garin da suka gudu. A wata makaranta na same ta, zaune a kan siminti da zane ɗaya. Na sako ta a mota. Daga can har Katabu ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba.

Kada ku ɗauka faɗa ne. Ni ne ɗanta na fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Kakata ce ta goye ni. Matan yanzu sun bar wannan, amma Inna ta mutanen da ce, ta riƙe abin har tsufa. In na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta da safe, sai ta amsa tana kallon bango. In tana son wani abu, matata take gaya wa, ko da ina tsaye a wurin.

"Gaya wa mai gidan ga maganin ido ya ƙare."

Sai matata ta juyo ta maimaita mini kamar kurma ne ni. Ni ma in ba matata amsa, ita ta miƙa. Haka muke. Ban taɓa ganin laifin abin ba, don a haka na buɗe ido na same shi.

A damina ta biyu da zuwanta ne ta fara maganar komawa. Wata safiya ina ɗaure takalmi zan fita, na ji ta ce wa matata:

"Gaya mishi in an yanke gero za ni gida."

Matata ta ce, "Haba Inna, wane gida? Nan ba gida ba ne?"

"Gaya mishi dai."

Ashe har ta aika wa wani direba ɗan garinmu, wanda ke lodi a tashar Kawo, cewa ya ajiye mata wuri bayan kaka. Shi ya zo rumfata ya same ni da maganar, yana sosa ƙeya. Ya ce shi dai bai iya ce wa tsohuwa a'a ba. Ni kuwa na san halin da garin ke ciki. Maza ƙalilan ne suka koma, su ma da rana suke gari, in la'asar ta yi sanyi sai su watsu cikin jeji. Tsohuwar da ido ya fara rufewa, ƙafa ba ƙarfi, in ta koma can ta tafi kenan.

Kuma uwa ba a hana ta. In na ce a'a, Inna za ta bi titin Zariya a ƙafa da sandarta, na san ta. Ko zama in roƙe ta ban iya ba, don ba mu taɓa yin irin wannan zaman ba. Na ce wa matata ta bincika mini dalili.

Bayan kwana biyu ta ce, "Na tambaye ta. Ta ce akwai abin da ta baro."

"Wane abu?"

"Ba ta faɗa ba. Na ce ko tukwanenta ne a saya mata wasu, ta yi mini wani irin kallo, na ja bakina."

Ni a haukana na yanke cewa kaɗaici ne. Yini guda tana zaune a kan tabarma a falo, bayanta jingine da bango, carbi a hannu. Yanar ido ta rufe mata gani, kunne ya yi nauyi. Abu ɗaya da take so shi ne karatu da tafsiri. Muna kunna mata a talabijin, amma talabijin ɗin nan na zamani masu sirantaka, muryarsu kamar ta sauro. Kullum tana tambaya, "Mi yac ce? Mi yac ce?" har ta gaji ta daina tambaya. Na ce a raina, in ta samu abin saurare za ta zauna. Mutumin da ya saba gyara ƙarfe, komai ya lalace na'ura yake nema masa.

Akwai abokina, Bakano, yana da shagon kayan wuta kusa da rumfata. Rediyo, talabijin, sifika, sabo da na hannu. Baki gare shi kamar reza. Na taɓa yi masa ƙofar shago, tun daga nan yake ce mini duk ranar da nake son wani abu in zo in nuna. Na je na ce ya ba ni abin da zai sa tsohuwa ta ji talabijin.

Ya ce, "Yau Bazamfare ya shigo gari. Zauna, maƙeri, kada ka taɓa komai, hannunka duk gawayi."

Ya jawo wata doguwar sifika baƙa, siririya, ya ce sunanta saunba, a ƙarƙashin talabijin ake kwantar da ita. Sannan ya fito da wasu ƙanana guda biyu, kowace ba ta wuce bulon sabulu ba.

"Waɗannan fa?"

"Na baya ne. Babbar tana gabanka, su kuma suna bayanka, ɗaya dama ɗaya hagu, sama da kunne kaɗan, suna fuskantar wurin zama. In ka haɗa su daidai, ba kallon talabijin kake ba, cikinsa kake."

"Ni ba na son shiga ciki. Tsohuwa nake so ta ji."

"To ɗauki duka, tare suka zo. Ba a raba uwa da 'ya'ya."

Ranar da na haɗa su, matata ta tafi da Inna bikin suna a Malali, gidan ƙanwar matar tawa. Na kwantar da doguwar a ƙarƙashin talabijin, na soka wayarta inda abokina ya nuna mini. Na yanka ƙarfe na yi wa ƙananan mazauni, na shafa fenti, aiki mai kyau. Sai na tsaya na duba falon. Ya ce bayan mai zama. To wa ke zama? Inna. Ina take zama? Jikin bango. Na je daidai inda bayanta ya goge farar ƙasa, na kafa ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, sama da kanta kaɗan. Har ina yaba wa kaina, wai na kawo mata magana har bakin kunne. Na ja waya ta gefen bango na danne da ƙusa.

Ban gaya mata ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Ba mu da hanyar irin wannan maganar ne kawai, kuma ban ga abin faɗa a ciki ba. Idonta kuwa bai kai ya gane ƙananan abubuwa biyu a bango ba.

Doguwar ta yi aiki. Da aka kawo wuta muka kunna tafsiri, muryar malam ta cika ɗakin, kowace kalma da ƙafarta. Inna ta ɗaga kai. Ta saurara har aka shafa addu'a. Ta sa matata ta kama hannunta ta kai ta ta shafa abin daga wannan kai zuwa wancan.

Ta ce, "Taɓarya ce anka kwantar?"

Matata ta yi dariya ta ce sifika ce.

"To taɓaryar ga ta fi uwar ɗakinta baki."

Na ji daɗi ranar. Na ɗauka na gama. Amma da sati ya zagayo na ji tana tambayar matata ko gero ya fara kai a gonakin bakin hanya. Maganar tafiya tana nan inda take.

Abin ya ci mini rai, sai na huce a kan ƙananan sifikun. Tunda na kafa su ban ji sun ce uffan ba. In na kara kunne, sai wani ɗan huci kamar iska a cikin kwalba. Na je shagon abokina.

Na ce, "Bebaye biyu ka ba ni."

"Me kuke kunnawa?"

"Tafsiri. Labarai."

"To me kake so su ce? Malam yana gabanka yana karatu, su kuma su yi ta surutu a bayanka? Ba aikinsu ba ne magana. Aikinsu abin da ke kewaye da mutum, ruwan sama, taron jama'a, motar da ta wuce. Sai an sa fim ɗin da aka yi dominsu."

"Duk mai sayar da mataccen kaya haka yake cewa."

Na faɗi haka a gaban mutane. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Ni? Mataccen kaya? Wallahi ranar Lahadi ina gidanka. In ba su yi magana ba, ka ƙona mini shago da wutar waldarka."

Ya zo bayan la'asar. An yi ruwa da rana an ɗauke, gari ya yi sanyi, kuma da wuta. Inna na kan tabarmarta tana gyangyaɗi, carbi ya zube a cinya. Matata na gefenta tana tsintar shinkafa a faranti. Ya durƙusa ya gaishe su a hankali don kada ya tashe ta. Sannan ya zaro filash, ɗan abin ajiye fim, daga aljihu ya soka a talabijin, ya karɓi rimot ya danna wani wuri da ban san da shi ba, ya ƙure ƙarar na baya har ƙarshe.

Ya ce, "Tsaya nan tsakiya. Rufe idonka, maƙeri. Yau za ka ba ni haƙuri."

Na rufe ido. Da farko iska ce kawai a cikin ciyawa. Sai na ji babura. Ba daga talabijin ba. Daga bayana, can nesa, kamar daga bayan katangar gida. Ba ɗaya ba, da yawa. Suna matsowa. Suka rabu biyu, wasu ta dama wasu ta hagu. Sai harbi. Har tsigar jikina ta tashi. Na fara murmushi, na buɗe baki zan ce masa ya ci.

Farantin shinkafa ne ya faɗi. Na buɗe ido, na ga Inna a tsaye.

Matar da sai ta dafa bango ta yi salati sau biyu kafin ta miƙe. Ba ta yi ihu ba. Ta damƙi hannun matata, ta sunkuyar da kai, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Kar ki waiga."

Ta ja ta suka fita. Ba takalmi, ba mayafi, ba sanda. Matata na cewa, "Inna, fim ne! Inna, talabijin ne!" Ko alamar ji ba ta yi ba. Abokina ya rikice yana danna rimot, ƙara na ƙaruwa. Na fizge wayar daga soket. Ɗakin ya yi tsit. Ya dube ni, na dube shi.

A jikin gidana akwai wani fili da ba a gina ba, maƙwabcina ya shuka masara, ta fi tsayin mutum. Sawunsu a cikin laka can ya nufa. Kafin in kai, matata ta fito daga cikin masarar, zanenta duk taɓo, tana haki.

Ta ce, "Tana ciki. Ta durƙusa, ta ƙi tashi, ta ƙi juyowa."

Na ce, "Koma ki gaya mata..."

"Yau ba abin da zan gaya mata. Mahaifiyarka ce. Shiga."

Tunda na aure ta ba ta taɓa katse mini magana ba sai ranar. Na shiga.

Na same ta a tsakiyar gonar, gwiwa a ƙasa, goshi kusan a laka, hannu biyu a kan ƙeya. Na tsaya a bayanta, ɗan nesa, kamar yadda na saba tsayawa.

Na ce, "Inna."

Ta ƙara dunƙulewa.

"Inna, ni ne. Ba kowa. Na'ura ce. Ni na kafa ta a bango."

Ta daɗe ba ta motsa ba. Ruwa na ɗiga daga ganyen masara a kan bayanta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Kar ka yi mini magana ta baya. Muryar babanka gare ka. Zagayo."

Ni ta yi wa magana. Ba matata a wurin, ba kowa. Na zagaya, na tsugunna a gabanta a cikin laka. Ta ɗago. Ranar na fara ganin idon mahaifiyata kusa, ina da furfura a gemu.

Ta ce, "Da hantsi ne. Ina wankin gero. Sai munka ji su, kamar yadda nij ji su yanzu. Babanka yak kama ni, yaf fasa danga ta baya, yat tura ni cikin dawa. Yac ce, tafi, kar ki waiga, ina bayanki. Ka san ciwon gwiwarshi. Ina gaba, ina jin sandarshi na bugun ƙasa. Ina jin numfashinshi. Babura sunka zagaye gonar. Sai ƙara. Sai sanda ta daina."

Ta ci gaba:

"Nit tsaya. Yac ce, tafi. A hankali yaf faɗe ta, kamar mai aike kasuwa. Nit tafi. Tun ina yarinya anka kai ni ɗakinshi ban taɓa saɓa mishi ba, ranar zan fara? Ban waiga ba. Ban ga komai ba. Duk abin da na sani na ranar nan, ta ƙeya nij ji shi."

Ta ƙara da cewa:

"Mata sun ce an rufe su duka. Haka ake ce wa tsohuwa don ta ci tuwo. Waɗanda sunka faɗi cikin gari, su anka gani. Shi cikin dawa yaf faɗi, dawa ta rufe mutum. Wa zai neme shi can? Damina biyu ke nan ruwa na dukan shi. Ni kaɗai na san wurin. Ko ido ba ya gani, ƙafata ta sani. Za ni in nuna musu, ko ƙashi ne a tattara a rufe. In sun kashe ni bayan nan, sun makara."

Wannan ne abin da ta baro. Ni kuwa ina nan ina kafa mata sifika.

Abin da take nema yana bakina tun ranar da na sako ta a mota. Na ɗauka an gaya mata. Na ɗauka ta sani.

Na ce, "Inna, ni na same shi."

Na ci gaba:

"Da muka ƙirga mutanen cikin gari ban gan shi ba. Na koma gida na ga inda danga ta fashe. Na bi karan da suka karye. Yana kusa da surin nan na tsakiyar gona. A kan damansa yake kwance. Ba abin da ya taɓa shi, ko tsuntsu. Na ciro ƙyauren ɗakinki, muka ɗauko shi a kai. An yi masa wanka. Likkafanin da ya ajiye a ƙasan adakarsa, wutar da ɓarayin suka sa wa gidan ba ta kai gare shi ba, da shi aka yi masa sutura. An yi masa salla. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, na juya fuskarsa gabas. Yana gefen ƙanensa, ƙarƙashin kukar maƙabarta."

Ban taɓa jera magana mai tsawon wannan ba a rayuwata. Ta zuba mini ido. Na san me take tunani. Ɗa ma yana iya yi wa tsohuwa ƙarya don ta ci tuwo.

Ta ce, "Wace riga ce jikinshi?"

"Shuɗiyar nan da ta koɗe. Da faci a kafaɗar hagu, da farin zare."

"Baƙin zare ya ƙare mini ranar." Sai ta ce, "Sandar fa?"

"Tana hannunsa. Na kafa ta a kan kabarin don a gane."

Sai ta zauna daɓas a cikin laka. Ta yi kuka. A makarantar da na same ta ba ta yi ba, a mota ba ta yi ba, a gidana ban taɓa ji ba. Ta yi shi ranar, kuka mai sauti, kamar yau aka yi rasuwar. Na kawar da kai na kalli masara. Nawa idon ma bai zauna lafiya ba, amma wannan ba labarin ba ne.

Da ta lafa ta ce, "Mi ya hana ka faɗi?"

Na ce, "Ba ki tambaya ba."

"Ta ina zan tambaye ka?"

Ba ta jira amsa ba. Ta goge fuska da gefen zane, ta miƙo mini hannu. Na kama na ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka." Muka fito, tana dafe da kafaɗata.

Abokina na bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Duk bakin nan ya mutu. Ya zube a ƙasa ya ce, "Inna, ki yafe mini don Allah. Ni na kawo fim ɗin. Gardama ce ta banza tsakanina da shi."

Inna ta saki kafaɗata ta lalubi hannun matata. Ta gyara tsayuwa. Ta ce, "Gaya wa baƙon ga ba komai, ya tashi, ƙasa da sanyi. Ki gaya wa mai gidan ga kuma, abin da yak kafa a bango, ya cire shi kafin magariba."

Matata ta juyo gare ni da jajayen idanu ta ce, "Ka ji."

Na ce, "Gaya mata na ji."

Kafin a kira salla na kwance su. Na yanke mazaunin da na yi wa fenti, na toshe ramukan ƙusa. Na ce wa abokina ya tafi da su. Ya ce shi ba zai iya sake kallonsu a shagonsa ba. Sai na dawo da su gaba, ɗaya a dama da doguwar, ɗaya a hagu, duka uku a jere a ƙarƙashin talabijin. Ya duba ya ce a hankali, "A nan ba su da wani amfani, ka sani ko?" Na ce na sani.

Da aka yanke gero direban ya zo har gida. Ya durƙusa ya ce mota na nan jibi, ya ajiye mata gidan gaba. Ina zaune a bakin ƙofa, ban ɗago ba. Tun ranar masara ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Ta ce masa, "Ka ba wani wurin. In ka je, ka ce wa mazan da sunka rage su duba kabarin Malam, baban mai gidan ga, ƙarƙashin kuka, mai sanda a kai. Ruwa ya wuce, a ƙara mishi ƙasa, a sa ƙaya saboda dabbobi. Shi ke nan saƙona."

Ya tafi. Ita kuma ta ce wa matata a kunna mata taɓarya.

Ta ƙara shekaru a gidana kafin Allah ya karɓi abarsa. A Katabu muka rufe ta. Kunyar ba ta tafi ba, har ta rasu ba ta kira sunana ba. Sai dai wani lokaci, in matata na kicin, mu biyu kawai a falo, sai ta jefo tambaya tana kallon bango. "Ƙasar wurin ja ce ko baƙa?" In ce ja ce. "Wa yay yi limanci?" In faɗa. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbi. Kaɗan kaɗan ta karɓi ranar nan duka daga bakina, abin da ta ji ta haɗa da abin da na gani.

Ba na zagin al'ada. A cikinta aka haife ni, kuma kunyar da Inna ta yi mini ba ƙiyayya ba ce, na san wannan tun ina yaro. Amma na ga inda ta kusa kai mu. Tsohuwa ta kusa tafiya ta mutu a jeji neman abin da ke bakin ɗanta, muna kwana gida ɗaya, muna cin tuwo daga tukunya ɗaya. Ni da nake taƙama da shiru, na ɗauka duk abin da ba a faɗa ba an riga an sani. Ba haka ba ne. In kana da tsoho a gida da ya fito daga wuta, kada ka yanke masa abin da ke damunsa. Kuma kafin ka kunna masa wani abu, ka san abin da kunnensa ya taɓa ji.

Sifikun suna nan. Doguwar ta tsufa, sai an ɗan buge ta take kamawa. Ƙananan biyu na gefenta, sun yi ƙura, suna ɗan hucinsu. Yarana sun girma, sun san yadda ake haɗa irin waɗannan abubuwa fiye da ni. Babban ya taɓa cewa zai mayar da su bango don a ji daɗin ƙwallo. Na ce a'a. Ya ce ai Inna ba ta nan. Na ce na sani, in ya gina nasa gidan ya kafa su inda ya ga dama. A nawa gidan, duk abin da zai yi magana sai ya zagayo gaba.